Wa Zai Iya Maƙwabtaka da Mafaɗacin Kifi?

Sharhinmu na yau a kan kifin ado ne, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi a ajiye a falo ko ofis, kuma a cikin kifayen adon ma a kan wani dangi guda da ya yi suna wajen kyau da kuma faɗa. Masana na kiran dangin sikilid. Sunan ne baƙo, kifin kam mun san shi, domin karfasar da muke soyawa 'yar wannan gida ce. Duk masuncin da ya san ruwa ya san yadda namijin karfasa ke haƙa zagayayyen rami a cikin yashi kusa da gaɓa, ya tsaya a kansa yana korar duk wanda ya matso. Wannan hali gadon gidan ne, daga tafkunan Afirka ta Gabas har kogunan Amurka ta Kudu. Shi ya sa wanda ya sayi irin wannan kifi bai cika daɗewa ba yake komawa wurin mai shago da tambaya guda: wane kifi zan saka masa su zauna lafiya? Mai shago kuma ya lissafo sunaye uku ko huɗu, ya ɗaure a leda, a biya a tafi. Ni a ganina jerin sunaye ba ya amsa wannan tambaya, ko da kuwa sunayen daidai ne. Kafin a zo kan suna sai an san abin da kifin yake faɗa a kansa, sannan a san ko wanda ya kora yana da wurin gudu.

A kogi ko tafki, faɗan sikilid ba kasafai yake kai wa ga kisa ba. Idan maza biyu suka yi arba, kowanne zai buɗe fikafikansa, ya kumbura kumatu don ya ƙara girma a idon abokin karawa, launinsa ya ƙara kaifi. Su jera gefe da gefe, wannan ya kaɗa wutsiya ya turo ruwa, wancan ya auna ƙarfin bugun a jikinsa. In ba a rabu a nan ba, sai su cafke bakin juna a yi ta turereniya, gaba da baya, yashi na tashi. Yawanci kafin a kai ga jini ɗaya ya gane ba zai iya ba, ya sauke fikafikai, launinsa ya dusashe, ya juya ya bar wurin. Da ya yi nisa ya ɓace wa gani magana ta ƙare, mai nasara ya koma kan dutsensa. To, a akwatin da tsawonsa bai wuce santimita 90 ba, wanda aka kayar yana juyawa zai tafi sai ya ci karo da gilashi. Ya sallama, amma ga shi nan a gaban ido, kuma a wurin mai gida duk wanda bai bar fili ba bai sallama ba. Sai ya sake binsa, safe da rana da yamma, har wutsiya ta yayyage, ɓawo ya kwaɓe, cuta ta shiga ta raunin. Kifin da ake tarar da gawarsa da asuba a ce mugun ya kashe shi, sau da yawa gilashin ne ya riƙe shi aka kashe.

Akwai hujja a kan haka daga ɗakin bincike. A shekarar 2011 wani masani na Jami'ar Case Western Reserve da ke jihar Ohio a Amurka, Ronald Oldfield, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da sikilid ɗin da ake kira Midas, wanda asalinsa tafkunan Nikaraguwa ne. Da ƙanana ya yi aikin, waɗanda ba su balaga ba, don kada a ce kishin aure ne ke tunzura su. Abin da ya gani shi ne, ɗan ƙara girman akwati ko ɗan sauya yawan kifi bai rage cizon ba a irin akwatunan da aka saba ajiyewa a gida. Faɗan ya lafa ne a babban akwati mai tarin duwatsu da tsirrai da lunguna, inda kifi ke iya ɓace wa juna. Kifin bai sauya ba, ɗakin ne aka sauya masa. Ke nan mai neman wa kifinsa maƙwabci ya fara da auna daɓen akwatin, tsawo da faɗi, domin ƙasa sikilid yake rabawa. Akwatin nan dogo tsaye mai kyau a kusurwar falo, ko lita nawa yake ci, filinsa kaɗan ne. Duwatsun kuma a jera su yadda za su tare ido, wasu su tashi sama har kusan saman ruwa, ta yadda mai tsaron kusurwar dama ba zai hango ta hagu ba.

Sai kuma a bambance faɗa da yunwa, domin mutane kan haɗa su su kira su masifa. Oska, babban sikilid ɗin nan na yankin Amazon mai ɗigon ja a gindin wutsiya, ba shi da zafin rai sosai idan aka gwada shi da 'yan uwansa. Maci ne kawai. Ana sayensa bai fi ɗan yatsa ba, cikin shekara guda yana iya haura santimita 20, in ya cika kuma ya kai 30 ko fiye, kuma yana iya rayuwa sama da shekara 10. Duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, ko da sun yi wata shida suna gaisawa. Haɗarin ma ba na wanda aka haɗiye kaɗai ba ne: ƙananan kifayen nan masu gashin baki da ake sakawa don su tsince ragowar abinci suna da ƙaya a fiffike, idan Oska ya haɗiyi ɗaya sai ƙayar ta miƙe ta kafe a maƙogwaro, a yi asarar biyu. Maƙwabcin Oska dai girma ake duba masa, girman da zai kai nan da shekara, ba na ranar saye ba. Shi kaɗansa ma tsofaffin masu kiwo kan ware masa wajen lita 280, wato ya fi duro guda, kafin a zo maganar baƙo.

Wanda ya fi rikita masu kiwo shi ne sikilid mai zaman aure. Irin wannan mace da namiji ne ke ware kansu, su share saman dutse, ta jera ƙwai a kai, su biyun su tsaya gadi har 'ya'ya su ƙyanƙyashe su fara yawo. Jan sikilid ɗin nan mai ɗige-ɗige masu walƙiya na kogunan Afirka ta Yamma haka yake, haka kuma ɗan ƙaramin nan mai ratsin baƙi na Amurka ta Tsakiya, wanda bai cika wuce santimita 10 ba amma yana iya kora kifin da ya ninka shi biyu zuwa kusurwa. Har kiribensis, mai jan ciki, wanda asalinsa kudancin Najeriya ne da gaɓar Kamaru kuma ana yabonsa da haƙuri, ranar da ya yi ƙwai a kogonsa ba ya ƙyale mai kiwo a ƙasa ya wuce ta ƙofar. A idon iyaye masu gadi babu aboki, kowa ɓarawon ƙwai ne, kuma gaskiyarsu, domin kusan kowane kifi zai ci ƙwai in ya samu. Iyakar da suke karewa kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya: duk inda garken 'ya'ya ya nufa, iyakar na binsa. A nan abin da ya fi zaɓen maƙwabci muhimmanci shi ne a yanke shawara ko ana son haihuwa. In ana so, a ba ma'auratan akwatinsu. In ado da zaman tare ake so, a ajiye guda, ko jinsi ɗaya, rabin fitinar ta tafi ba tare da an sayi kowa ba.

Kifayen duwatsu na Tafkin Malawi, waɗanda ake kira mbuna, tsarinsu daban ne. Tafkin, wanda ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, yana ɗauke da ɗaruruwan ire-iren sikilid da babu su ko'ina a duniya. Su ba sa zaman aure. Mace ce ke kwashe ƙwai a bakinta ta riƙe su wajen mako uku ba ci, namiji kuwa yana kan dutsensa yana jiran wata. Abokin gabarsa namiji irinsa ne, kuma da ido yake gane shi. A 2008 Michael Pauers da abokan aikinsa sun nuna cewa namijin mbuna ya fi kai hari ga namijin da launinsu ya zo ɗaya, ko da kuwa irinsu ba ɗaya ba ne. Wannan ya rushe abin da idon ɗan'adam ke so, domin mai ƙawata falo so yake ya tara shuɗaye masu ratsi wuri guda su yi kyau, alhali nan ne wuta ke tashi. Shuɗi mai ratsi a haɗa shi da rawaya fes, kowane iri namiji ɗaya. Macen ma tana cikin haɗari, domin namiji ba ya gajiya da bin ta, in ita kaɗai ce sai ya galabaita ta. Shi ya sa ake ba shi uku ko huɗu, bin ya rarrabu.

Idan aka tattara waɗannan, maƙwabcin kirki shi ne wanda mai gida bai ɗauke shi kishiya ba, bai iya haɗiye shi ba, kuma ba su haɗa hanya ba. Zaman 'yan marina ake nema, kowa da inda ya sa gaba. Kurungu ya dace da wannan siffa: da dare yake harkarsa, da rana yana kogo, kansa sulke ne, ƙayarsa kuwa duk wanda ya taɓa cire shi daga koma ya san ta, kuma bai yi kama da sikilid ta ko'ina ba. Haka garken kifaye masu sauri da ke yawo a sama, irin manyan daniyo na Indiya, ko faffaɗan nan mai ruwan azurfa ɗan uwan firanha ga masu manyan sikilid na Amurka. Tun a 1968 George Barlow, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin dangin sikilid, ya rubuta yadda ganin garke na yawo hankali kwance ke cire wa sikilid tsoro ya fito fili. Amma sai su kai shida ko fiye, akwatin kuma ya kasance da tsawon da za a yi gudu a cikinsa. Kada dai a ɗauka kurungu waliyyi ne. Yana cin ƙwai da dare, akwai ma wani irinsa a Tafkin Tanganyika da masanin Japan Tetsu Sato ya bayyana dabararsa a 1986: yana kutsawa lokacin da sikilid ke zuba ƙwai ya zuba nasa, uwar ta kwashe duka a baki, 'ya'yansa su riga ƙyanƙyashewa su cinye nata a cikin bakinta.

Na san mai shago zai ce, Alhaji, duba akwatina mana, ga su nan kala-kala ba wanda ya taɓa wani. Wani mai sauraro ma zai ce nasa tare suka tashi, yau wata takwas ba a ji kansu ba. Duka biyun gaskiya suka faɗa, sai dai shaidar tasu ta yara ce. Kifin shago ƙanana ne, an cunkusa su a akwatin da babu ko dutse ɗaya da za a ce nawa ne, kuma ba sa daɗewa ake sayar da su. Wanda bai balaga ba bai da ƙwai, bai da mace, bai da abin karewa. Sabo yana ɗan taimakawa, ban musa ba, domin waɗanda suka girma tare sun riga sun san wa ya fi wa ba tare da sabon dambe ba. Amma balaga na sake lissafin gaba ɗaya, kuma tana zuwa ba sallama. Zaman lafiyar wata takwas ba ya gaya wa kowa abin da zai faru a na tara.

Wasu kuma na cewa a samo masa daidai da shi, mai ƙarfi irin nasa, kowa ya ji tsoron kowa. Wannan tana aiki a akwatin da ya kai a raba shi gida biyu, mai tsawon mita ɗaya da rabi ko biyu. A ƙaramin akwati kuwa, biyu ita ce lamba mafi muni: ba a daɗe ana kunnen doki, ɗaya zai ɗan fi girma ko ɗaya ya ɗan yi rashin lafiya, daga ranar duk bugun kan mutum ɗaya yake sauka.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cunkoso. Masu kiwon mbuna a Turai da Amurka sun daɗe suna zuba kifi da yawa da gangan, goma sha biyar ko ashirin a akwatin da lissafi zai ce rabin haka, kuma dabarar na ci. Namiji ya bi wannan, kafin ya cim masa wani ya gifta, ya manta da na farko, ba wanda ke shan duka shi kaɗai, ba kuma wanda ke iya riƙe fili. Na yarda da wannan ga mbuna, ban yarda da ita ga ma'aurata masu gadin ƙwai ko manyan sikilid na Amurka ba. Ko ga mbunan ma, dabarar bashi ce da ake ci a wurin na'ura. Kifi da yawa kashi da yawa ne, kashin na zama amoniya mai guba, kuma ƙwayoyin halittar da ke narkar da ita a cikin matatar ruwa sai ruwa na gudana suke aiki. Sannan ruwan ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi: a ma'aunin zafi 20 lita guda na ɗaukar wajen miligiram 9 na iskar shaƙa, a 30 kuwa ya sauko wajen 7 da rabi, a daidai lokacin da zafin ke ƙara wa kifin buƙata. Wanda ya ƙirƙiro dabarar cunkoso bai san a ɗauke wuta tun safe a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba. A irin wannan rana akwatin da aka cunkusa zai nuna kansa cikin 'yan sa'o'i, kifi duk sun taso sama suna haki baki buɗe. Wanda ba shi da sola ko famfon iska mai batir, wannan hanya ba tasa ba ce.

Maganar haɗa na Afirka da na Amurka ba sai an daɗe a kanta ba. Ruwan Malawi da Tanganyika mai kanwa-kanwa ne, na yankin Amazon kuwa da yawansa mai tsami-tsami. Gaskiya ne kifin da aka haifa a gona ya saba da ruwa iri-iri, ba lallai wannan bambanci ya kashe shi ba. Abinci ne ba a iya sasantawa. Mbuna da yawa gansakuka suke kankara daga jikin dutse, hanjinsu dogo ne na masu cin ganye, Oska kuwa ƙwari da jatan lande da ƙananan kifi yake so. A akwati guda ba a raba kwano, kuma masu kiwo sun daɗe suna danganta kumburin cikin da ke kashe mbuna da abinci mai maiƙo haɗe da takura.

Saura masu tausayi, waɗanda ke ganin zalunci ne a bar kifi shi kaɗai. Ga kifin garke haka ne, daniyo guda ɗaya abin tausayi ne. Babban namijin Midas fa, ko falawahon mai ƙullutu a goshi, wanda masu kiwo a Malesiya suka samar ta hanyar haɗa iri a shekarun 1990? Irin wannan a akwatin gida na yau da kullum duk filin nasa ne a ganinsa, kuma bai nuna alamar kewa: yana ci, yana haƙa tsakuwa yana tarawa a gefe, yana tarbar mai ba shi abinci a bakin gilashi. Kewar ta mai kallo ce. Wanda ya saka masa aboki don tausayi, abokin ne zai biya kuɗin tausayin. Wani lokaci amsar gaskiya ga tambayar wa zan saka masa ita ce babu kowa, kuma mai shagon da ya iya faɗin haka ya rasa ciniki guda, shi ne wanda ya cancanci a koma masa.

Wanda ya auna komai ya ga akwai hali, to ya killace baƙon a wani akwati na mako biyu zuwa huɗu don gudun shigo da cuta. Ranar haɗawa ya rushe duwatsun ya sake jera su don tsohuwar iyaka ta ɓace, ya zuba baƙi da dama lokaci guda, ya kashe fitila. In sabon akwati ne, mafaɗacin ya shiga daga ƙarshe. Daga nan sai sa ido, daga nesa, ba lokacin abinci kaɗai ba. Ɗan bi da kora na daƙiƙa biyu ba komai ba ne. Alamar da ba a jira da ita ita ce kifin da ya maƙale a kusurwar sama bayan bututun matata, kansa sama, fikafikai a manne, launi ya yi duhu, ba ya saukowa ko abinci ya zuba. Wannan a cire shi a ranar, domin gobe ba lallai a same shi ba. Ke nan akwati na biyu, ko raga mai raba akwati gida biyu, yana cikin kuɗin sayen maƙwabci tun farko. Idan kuma zaman ya ƙi, a mayar wa mai shago ko a ba wani mai kiwo, kada a ce za a yi sadaka a sake shi a kogi ko dam. Oska da aka saki a Fulorida ya zama ɗan gari a magudanan ruwanta. Giwan ruwa da aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ana ƙiyasta ya taimaka wajen ɓacewar ire-iren sikilid kusan 200. Tiga da Kainji da Tafkin Chadi suna da nasu karfasa da kurungu, kuma abincin mutane ne.